Masu Ƙirga Abin da Ido Bai Gani Ba

A shekarar 1943 wata mujallar nazarin dabbobi ta Ingila ta buga maƙala ɗauke da sunan mutum uku, R. A. Fisher, A. S. Corbet da C. B. Williams. Corbet ya yi zama a Malaya, inda ya tara malam-buɗe-littafi bila adadin. Da ya zauna yana lissafin abin da ya kama, sai ya ga wani tsari da ya ɗaure masa kai. Jinsi 118 sau ɗaya tak kowannensu ya faɗa komarsa, jinsi 74 sau bibbiyu, 44 sau uku-uku, 24 sau huɗu-huɗu, haka adadin yake raguwa a jimlace. Ashe mafi yawan ire-iren da ke dajin ba masu yawa ba ne, 'yan tsiraru ne da sai an dace ake haɗuwa da su. Daga nan tambaya ta taso da kanta: idan waɗanda aka gani sau ɗaya sun kai haka, nawa ne ba a gani ba ko sau ɗaya? A kan wannan tambaya aka gina sana'ar da a yau matasa masu digirin dakta suke yi a jami'o'in duniya, wato amfani da ilimin ƙididdiga wajen ƙiyasta yawan ire-iren halittu, inda suke zaune, da ko suna ƙaruwa ko ƙarewa. Abin da nake son nunawa shi ne, sana'ar ta yi ƙarfi ne a wuraren da mai lissafi ya zauna kusa da mai tarko na tsawon shekaru, kuma tsarin ɗaukar aiki na yanzu ya raba su.

Kafin nan, yana da kyau a ga yadda dabarar take, don ba tsibbu ba ce. A ce za a koma dajin nan a sake yin wahala daidai da ta farko. Sababbin jinsi nawa za a samo? Akwai hanyar da I. J. Good da G. H. Toulmin suka fitar a 1956: a ɗauki 118, a cire 74, a ƙara 44, a cire 24, a ci gaba da ƙari da ragi har ƙarshen jerin. A lissafin Corbet amsar tana faɗawa wajen 75. Tushen tunanin ya fito daga inda ba a zata ba, domin Good ya koye shi ne wurin Alan Turing a Bletchley Park, lokacin da suke fama da warware saƙonnin sirri na sojan Jamus a yaƙin duniya na biyu, ya kuma buga shi a 1953. A 1984 Anne Chao, malamar ƙididdiga ta Taiwan, ta kawo wata hanya mafi sauƙi: a ninka adadin waɗanda aka gani sau ɗaya da kansa, a raba da ninki biyu na waɗanda aka gani sau biyu. Idan aka gwada da 118 da 74, za a samu aƙalla jinsi 94 da suka kuɓuce. Hikimar duka ɗaya ce, cewa labarin wanda ba a gani ba yana hannun wanda aka gani da ƙyar. Har kalmomin Shakespeare an auna da wannan mudu a 1976, inda Bradley Efron da Ronald Thisted suka ƙiyasta cewa bayan kalmomi daban-daban 31,534 da ya rubuta, ya san wasu aƙalla 35,000 da bai taɓa sa wa a takarda ba.

Reshe na biyu na sana'ar ya girmi wannan. A 1896 wani masanin kifi ɗan Danmak, C. G. J. Petersen, ya riƙa yi wa kifaye alama yana mayar da su ruwa, kuma a 1930 Frederick Lincoln a Amurka ya yi amfani da zoben da ake sa wa agwagin daji a ƙafa don ƙiyasta yawansu. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Ka kama kifi 100 a kududdufi, ka yi musu alama, ka sake su. Bayan kwana biyu ka kama wasu 100, ka tarar 20 na da alama. Ke nan waɗanda ka yi wa alama kashi ɗaya cikin biyar ne, kifin kududdufin kuwa wajen 500. Wahalar tana cikin sharuɗɗan da lissafin ya ɓoye: kada wanda aka taɓa kamawa ya koyi tsoron koma, kada alamar ta goge, kada wasu su mutu ko su yi ƙaura a tsakani. Duk wanda ya san tarihin jangali ya san wannan matsala, domin shanun da mai ƙirga ya gani a ruga ba su ne shanun da ke akwai ba, kuma girman gibin ya danganta ga wanda ya zo ƙirgar da lokacin da ya zo. A Afirka ƙudan tsando ne ya ja hankalin masu wannan aiki, saboda ciwon barci a jikin mutane da sammore a jikin shanu. A shekarun 1930 C. H. N. Jackson a Tanganyika ya riƙa ɗiga wa ƙudajen fenti a baya yana sakinsu, ya gyara lissafin yadda zai ɗauki mutuwa da ƙaura. A daidai wannan zamani T. A. M. Nash yana Gadau ta ƙasar Katagum yana bin yadda zafi da laima suke juya yawan ƙudan, aikin da ya share fagen shirin yaƙi da tsando na Anchau da gina garin Takalafiya. Waɗanda suka riƙa bin sawu ɗaya cikin kurmi da 'yar koma a hannu, rani da damina, samarin wurin ne, kuma maƙalun ba su cika ɗaukar sunayensu ba. Wannan rashin adalci ya daɗe a cikin sana'ar.

Idan ana neman gidan da sana'ar ta girma, Rothamsted ne, tashar binciken noma da John Bennet Lawes ya kafa a 1843 a arewa da Landan. Akwai fili a can da ake kira Park Grass, wanda tun 1856 ake zuba wa kowane yanki nasa irin takinsa ana yankan ciyawa ana aunawa, har yau ba a fasa ba. A yankin da ba a sa taki ba akan sami ire-iren tsirrai gomomi, a wanda takin zamani ya tsamama ƙasarsa kuwa biyu ko uku suka rage. A 1919 aka ɗauko Fisher, masanin lissafi, don ya tono abin da ke cikin tulin littattafan awo na kusan shekara saba'in. Ya zauna shekara 14, kuma babban darasin da ya fita da shi shi ne, lissafi ba ya ceton awon da aka ɗauka ba bisa tsari ba. Shi ya sa ya koma tsara gwajin tun daga gona, ya kawo ƙa'idar raba filaye ta hanyar ƙuri'a. A 1938 ya faɗa wa taron masana ƙididdiga a Indiya cewa kiran mai lissafi bayan an gama gwaji tamkar kiran likita ne ya duba gawa. (Fisher ba waliyyi ba ne, ra'ayinsa kan gyaran irin ɗan Adam abin ƙyama ne, kuma a 2020 kwalejinsa ta Kambirij ta yanke shawarar cire tagar da ke tunawa da shi.) Bayansa Frank Yates ya riƙe sashen ƙididdiga daga 1933 zuwa 1968, sannan John Nelder har 1984. Shugabanni uku cikin shekara 65. Daga wannan sashe ne a 1972 Nelder da Robert Wedderburn suka fitar da tsarin lissafin da kusan kowane mai nazarin muhalli yake jingina da shi a yau idan zai danganta ƙirgen tsuntsaye ko ƙwari da ruwan sama ko irin ƙasa. Shi ma Williams a nan yake, kuma tarkon fitilarsa ne ya kama malam-buɗe-littafin dare 15,609 na jinsi 240 cikin shekara huɗu, alƙaluman da suka zama ƙafa ta biyu ta maƙalar 1943. Mai tarko da mai alƙalami a harabar gida ɗaya suke shan shayi.

Matsayin da ake kira aikin bayan dakta ya fito ta wata ƙofa daban. A Amurka, a 1919, Majalisar Bincike ta Ƙasa da kuɗin Gidauniyar Rockefeller ta fara ba zaɓaɓɓun matasa tallafi na shekara ɗaya ko biyu don su ƙara gogewa kafin su kama koyarwa. A lokacin alfarma ce, kamar almajirin da ya sauke ya tafi wurin wani babban malami ya ƙara sani kafin ya buɗe tasa makarantar. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatoci suka koma ba da kuɗin bincike aiki-aiki, shekara uku ko biyar, farfesa ya ci kwangila ya ɗauki masu dakta su yi aikin. Jami'o'i suka yi ta yaye masu dakta fiye da kujerun dindindin da ke akwai, sai zangon wucewa ya zama mazauni. Mutum ya gama kwantiragin shekara biyu a Finlan, ya kwashe kaya zuwa Ostireliya, daga nan Kanada, ɗan ci-rani mai digiri uku. A Jamus dokar 2007 ta ƙayyade shekara shida bayan dakta a kan kwantiragin wucin gadi, wanda bai sami kujera ba sau da yawa sai ya bar jami'a. A 2021 matasan masana suka yi ca a kan dokar. A 2022 ma'aikatan ilimi kimanin 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, da masu aikin bayan dakta a cikinsu, suka shiga yajin aiki. Mai iya ƙididdiga kuwa yana da mafita da masanin ƙwaro ba shi da ita, domin bankuna da kamfanonin kwamfuta suna zawarcinsa da albashin da jami'a ba ta iya biya.

Wannan yawon ci-rani ya zo daidai da ambaliyar bayanai. An kafa rumbun GBIF a 2001, mai hedikwata a Kofanhegan, kuma abin da ke cikinsa ya haura rikodi biliyan biyu na cewa an ga halitta kaza a wuri kaza ranar kaza. A 2002 aka buɗe eBird, inda masu sha'awar kallon tsuntsaye suke zuba abin da suka gani. Manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Okland ta Niyu Zilan, kyauta ce ga kowa. A 2006 aka gabatar da Maxent, wadda za a ba ta wuraren da aka ga wata dabba da bayanan yanayi ta zana taswirar inda ya kamata dabbar ta kasance. Yanzu mutum yana iya fitar da taswirar mazaunin kura a Sahel cikin yini guda bai taɓa jin kukanta ba. Illar ita ce, mafi yawan rikodin daga Turai da Arewacin Amurka suke, tsuntsaye sun rinjaye su, kuma sun taru a bakin titi da kewayen birane. Wanda bai san haka ba zai zana taswirar inda masu kyamara suke yawo ya ɗauka ta dabbobi ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya zo shekara biyu, rabin ta biyun yana rubuta takardun neman aiki na gaba, da wuya ya kai ga sanin rufin.

Za a iya cewa ai Fisher bai taka dajin Malaya ba, Turing bai san ƙwaro ba, kuma lissafin Chao yana aiki ko a kan kalmomi ko a kan ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne, kuma ƙarfin ƙididdiga ke nan, ba ruwanta da sunan abin da ake ƙirgawa. Amma a sake duba maƙalar 1943. Tsarin da Corbet ya gani ya tsaya daidai ne a kan jinsin da ba su da yawa, ya karkace a kan masu yawa, saboda mai tara ƙwari idan ya cika akwatinsa da wani iri yakan daina kama shi. Babu lissafin da zai gano wannan daga lambobi kawai. Corbet ne ya sani, domin shi ya riƙe komar, kuma sunansa na kan maƙalar. Shi ya sa ma aka buƙaci alƙaluman Williams, don fitila ba ta zaɓe. Haka aka sake gani a 2002, lokacin da Darryl MacKenzie da abokan aikinsa suka fitar da hanyar raba rashin gani da rashin samuwa, suka gwada ta a kan kwaɗi a jihar Maryland. Hanyar ba ta aiki sai an ziyarci wuri ɗaya sau da yawa cikin ɗan lokaci, wato shawara ce da dole a yanke kafin a sa takalmi a shiga fadama. Ƙirƙiro dabara yana yiwuwa daga nesa. Sanin ko ta dace da waɗannan alƙaluma na wannan daji, sai na kusa.

Akwai kuma masu kare tsarin da cewa yawo yana yaɗa ilimi, kuma Fisher kansa a matsayin ma'aikacin wucin gadi ya shiga Rothamsted. Na yarda da rabin farko. Ilimin muhalli ya ci riba ƙwarai da baƙi: Frank Preston, wanda a 1948 ya kawo wani fasali na yawa da ƙarancin jinsi, injiniyan gilashi ne, Robert May kuma daga kimiyyar fiziks ya shigo. Matashin da ya zauna da malamai uku ya fi wanda ya tsufa a gaban ɗaya buɗewar ido. Sai dai misalin Fisher yana goyon bayana ne, domin aikin wucin gadin nasa ƙofa ce da ta buɗe zuwa shekara 14. Matsalar yau ita ce ƙofar ba ta kaiwa ɗaki, wata ƙofar take kaiwa. Halittu kuma ba su san zangon kwangila ba. A tsibirin Eynhallow na arewacin Sukotlan, George Dunnet ya fara bin wani irin tsuntsun teku a 1950, kuma da alƙalumansa Richard Cormack ya gina lissafin tsawon rai a 1964, wanda George Jolly da George Seber suka faɗaɗa a 1965. Akwai hotuna biyu sanannu na Dunnet riƙe da tsuntsu guda, kimanin shekara talatin tsakani: mutumin ya tsufa, tsuntsun yana nan yadda yake. Mai kwantiragin shekara biyu dole ya zaɓi tambayar da za ta haifi maƙala kafin kuɗi su ƙare, kuma gyaran tsofaffin littattafan awo, ko kula da manhajar da dubban mutane suke amfani da ita, ba ya cikin abin da kwamitin ɗaukar aiki yake ƙirgawa.

Ƙorafi na uku daga ɗaya ɓangaren yake, na tsofaffin 'yan daji da ke cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, a bar wasa da kwamfuta a je a ƙirga. Labarin Krefeld ya isa amsa. Tun 1989 'yan wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari a wannan gari na Jamus suke kafa tarko iri ɗaya, suna auna nauyin abin da ya faɗa, suna adana shi a kwalabe. Amma ba kowace shekara suke komawa wuri ɗaya ba, kuma yanayin kowace shekara daban, don haka tulin awon bai iya magana da kansa ba. Sai da suka haɗa kai da masu ƙididdiga na jami'ar Nijmegen ta Holan aka fitar da sakamakon 2017, cewa nauyin ƙwari masu tashi a wurare 63 da ake karewa ya ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a shekara 27. Ga kuma ma'aunin da asusun kare namun daji na WWF yake wallafawa, wanda a 2024 ya ce matsakaicin raguwar garken dabbobin da ake bibiya ya kai kashi 73 cikin ɗari daga 1970 zuwa 2020. Jama'a da dama sukan ɗauka kashi 73 na dabbobin duniya ne suka mutu, alhali ba haka lissafin yake nufi ba. A 2020 Brian Leung da abokansa suka nuna cewa cire ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na garkunan da suka fi faɗuwa yana sauya hoton gaba ɗaya, wasu masanan kuma suka mayar musu da martani. Gardama irin wannan ba a raba ta da ƙarin tarko kawai, kuma a kan irin waɗannan alƙaluma ƙasashe suka rattaba hannu a Montiriyal a 2022 cewa za su kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030.

A Nijeriya maganar ba ta nesa ba ce. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, 'yan sa-kai suna shiga suna rubuta abin da suka gani bisa ƙa'ida ɗaya, kuma akwai rukunin matasan Arewa a cikinsu. Irin wannan jeri ba ya nuna amfaninsa sai ya tsufa. Tarkunan fitilar da L. R. Taylor ya shimfiɗa daga Rothamsted a shekarun 1960 sai da suka yi shekara 50 suna ci kowane dare kafin rahoton 2021 ya iya cewa manyan malam-buɗe-littafin dare na Birtaniya sun ragu da kashi 33 cikin ɗari tsakanin 1968 da 2017. Ranar da za a tambayi alƙaluman Nijeriya ko shamuwa da gauraka sun ragu a dausayin Haɗeja da Nguru, amsar za ta rataya a kan ƙananan abubuwa: wace shekara rashin tsaro ya hana shiga wane gida, wane mai ƙirga ne ya fi kunnen jin kukan tsuntsu, yaushe aka sauya manhajar waya. Idan mai nazarin yana wata jami'a a Turai kan kwantiragin wata 24, zai ga gidajen da babu rikodi ne kawai, kuma sai ya yi sa'ar samun wanda zai faɗa masa dalilin da ya sa ba kowa a Birnin Gwari a waɗannan shekaru.